Akwatin Hakimu da Allurar Safiyya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Zuwa ga ɗana Mu'azu. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka, da matarka Rukayya, da jikata Safiyya. Ina roƙon Ubangijin wannan Ɗaki na Ka'aba ya sa takardar nan ta same ka zuciyarka ta huce, ya kuma tsare ku a ƙaurar da kuke shiri zuwa Kano, tun daga fitarku ƙofa har saukarku.

Bayan haka, na zaɓi in rubuto maka ne saboda ranar walimar bankwana a tsaye muka yi magana. Muryata ta ɗaga a gaban surukata, kai kuma ka ɗauki makullin motarka ka fita. Ba na son mu maimaita haka. Buƙatuna biyu ne: kada ka sake rage wa Safiyya allurar ciwon sukarinta, kuma ka dawo mini da tsohon akwatina na magani, wanda kake ba ta ƙwayoyinsa, da littattafansa, waɗanda mahaifiyarka ta shaida mini suna cikin kayan da ka ɗaure. Sauran abin da za ka karanta bayanin dalili ne.

Ka tuna yadda aka yi. Yarinyar ta zo ta zauna a cinyata, na ce mata, "Amaryata, haka za ki tafi Kano ki bar ni?" Ta ce, "Jaddi, ai na fasa auren. Gemunka ya yi fari, kuma ba ka da mota." Aka yi dariya. Sai ta ce in ba ta ruwa. Ta shanye kofi, ta nemi ƙari, ta shanye, ta ruga banɗaki, ta dawo ta sake neman ruwa. Na dubi leɓenta a bushe, na ɗaga ta na ji ba nauyin da na sani. Na dubi Rukayya, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a mayafinta. Da na tambaye ka, ga abin da ka ce mini: "Malesh, ya Abuya, kada ka damu. Ciwon ne yake fitowa. A littafinka na karanta, idan magani ya kama, sai ciwo ya ƙaru kafin ya tafi. Kuma a Kano wuta ba ta tsayawa, allurar nan kuwa sai da firji. Gara in yaye ta tun a nan."

Bayan fitarka mahaifiyarka da Rukayya suka kai Safiyya mustashfa, wato asibiti, aka ɗaura mata ruwa, aka mayar da ita kan ma'aunin da likita ya rubuta. Mun gode Allah. Amma ka gaya wa mahaifiyarka ta waya cewa an katse maka magani yana tsakiyar aiki, kuma idan kun isa Kano za ka ci gaba. Can babu ni, babu ita. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Ba ka san akwatin nan ba, Mu'azu, yabonsa kawai ka taso kana ji. Ni na san shi. Ina saurayi, ina tsakiyar karatun fiƙihu, akwai wani dattijo Ba'indiye mai shagon turare kusa da gidanmu, ana kiransa Hakimu Abdussamad, Allah ya jiƙansa. Wata rana kakarka ta yi mura mai tsanani, ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana kamar gero, ya ce ta ɗora a harshe. Ta sha, ta warke. Na koma yi masa godiya, sai ya zaunar da ni, ya yanka albasa ya kara mini a hanci. Da idanuna suka kawo ruwa, ya ce, "Ka gani, ya ƙaramin Shehi? Abin da ke sa mai lafiya hawaye da majina, shi ne maganin mai hawaye da majina. Kama da kama ake yi." Wannan shi ne tushen abin da suke kira homiyofati. Maganar ta shige ni nan take, don gajera ce, kuma tana da daɗi a kunne. Daga ranar nake zuwa shagonsa bayan La'asar, yana karanta mini littattafansa na Urdu yana fassarawa da Larabci, ina rubutawa a gefen shafi.

Asalin abin, kamar yadda ya ba ni labari kuma na karanta daga baya, wani likita ne Bajamushe da ya rayu fiye da ƙarni biyu da suka wuce. Dole in yi masa adalci. A zamaninsa likitocin ƙasarsa kan zubar wa majinyaci da jini har ya suma, ba irin ƙahon da muka sani ba, su ɗura masa zaiba da magungunan gudawa, har maganin ya riga ciwon kashe shi. Mutumin ya ƙyamaci haka, ya koma fassara littattafai yana ciyar da iyalinsa. Ana nan sai ya sha ɓawon itacen da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, alhali lafiyarsa ƙalau, ya ji a jikinsa wani abu mai kama da zazzaɓin. A kan wannan ya gina mazhabarsa. Shi da almajiransa suka riƙa shan abubuwa iri-iri suna rubuta duk abin da suka ji: ƙaiƙayi a kunne, mafarkin ruwa, sha'awar gishiri, tsoron kaɗaici. Suka tara aka yi littattafai. Na bayansu suka yi musu sharhi, wasu suka taƙaita, wasu suka jera alamomin babi-babi, tun daga gashin kai har tafin ƙafa. Littattafan suka shiga Faransanci da Ingilishi, suka haye Amurka, suka sauka Indiya suka yi gida, daga can suka biyo alhazai har Makka. Kuma gaskiya ne majinyatansa sun fi na abokan aikinsa tsira a lokacin, domin ya bar jininsu a jikinsu, ya ce su huta, su ci abinci mai tsafta. Barin cutar da su ne ya amfane su. Shi kuma ya ɗauka ƙwayoyinsa ne.

A nan na fara kuskure. Na ga littattafan sun yi kama da namu: ga matani, ga sharhi, ga hashiya, ga muhtasari, ga almajiri yana ambaton malaminsa da ladabi. Sai na ba su girman da nake ba littattafan ilimi. Ni da ba na karɓar hadisi sai na tambayi wa ya ruwaito, daga wa, yaya haddarsa, wa ya goyi bayansa, sai ga ni na karɓi cewa wani mutum da ba a faɗi ko wane ne ba ya ji ƙaiƙayi a kunnen hagu, na gina lafiyar bayin Allah a kai. Ban taɓa tambayar ko da bai sha komai ba zai ji ƙaiƙayin ba. Ban tambayi ko murar kakarka za ta tafi da kanta ba, alhali na san mura tana tafiya. Ɗana, kaurin littafi da tsufansa da kyawun tsarinsa ba hujja ba ne. Duk wanda ya ce maka wannan yana warkarwa, tambaye shi: waɗanda aka ba yaya suka ƙare, waɗanda ba a ba ba kuma yaya suka ƙare, kuma wa ya bi su ya gani?

Akwai abin da ya fi wannan ba ni kunya. Ka ga kwalaben da ke jere a akwatin. Yadda ake haɗa su shi ne, a ɗiga ɗigo ɗaya na asalin maganin cikin ɗari na ruwa, a girgiza, a buga gindin kwalbar a tafin hannu, a ɗauki ɗigo ɗaya daga nan a zuba cikin wani sabon ɗari, a yi ta maimaitawa, sannan a ɗiga na ƙarshen a kan ƙwayoyin sukari. Littattafan suka ce gwargwadon tsarma shi gwargwadon ƙarfinsa. To, da hantsi ina zaune a zaure ina karantar da ɗalibai babin tsarki, ina gaya musu cewa ɗigon da ya faɗa cikin ruwa mai yawa, bai canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, ba shi da wani hukunci, ruwan ruwa ne. Da yamma kuma, da wannan bakin dai, ina gaya wa marasa lafiya cewa ɗigon da ya ɓace ɗin nan shi ne mafi ƙarfin magani. Shekaru ina haka, zantuttukan biyu ba su taɓa haɗuwa a kaina ba. Abin da kake ɗora wa Safiyya a harshe sukari ne da ruwa. Ba komai a ciki da zai yi aikin allurar nan.

Littattafan kuma sun ce a tsarma da barasa. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba, sai na maye ta da ruwan Zamzam, ina ganin na yi tsantseni. Ban san na ɗaure bakunan mutane ba. Labari ya bazu a masaukan alhazanmu na Aziziyya, inda nake aikin tafinta a lokacin Hajji, cewa maganin Malam da Zamzam ake haɗa shi. Daga nan wa zai buɗe baki ya ce bai yi masa aiki ba? Wanda bai warke ba sai ya zargi niyyarsa, ya yi shiru, ya ƙara istigfari. Zamzam ruwa ne mai albarka, ka sha, ka ba 'yarka ta sha, ku roƙi Allah waraka. Amma kada ka ɗauki zatonka ka lulluɓe shi da rigar addini. Ranar da zaton ya faɗi, imanin raunana yake jawowa su faɗi tare, kuma za a tambaye ka.

Za ka ce mini ai mutane sun warke, da idonka ka ga suna zuwa gidanmu da tsaraba. Haka ne. Amma ka dubi garin da muke. Majinyatana alhazai ne. Yawancinsu tarin nan ne da ke kama kowa bayan Arfa da Muzdalifa, da gajiya, da ciwon gaɓoɓi, abubuwan da hutu kan kawar. In ba su ƙwayoyi, su yi ɗawafin bankwana, su hau jirgi. Wanda ya warke ya dawo wata shekara ya nemo ni da kilishi da godiya. Wanda ciwon ya ci a Sakkwato ko Damagaram, wa zai hau jirgi ya zo ya sanar da ni? Masu rai kaɗai ke dawowa Makka. Na zauna ina jin shaidar ɓangare ɗaya, ina yanke hukunci, abin da ko ƙaramin alƙali ba zai yi ba. Daga baya na lura littattafan ma haka suke: cike da labaran waɗanda suka warke, kuma wanda ya ba da maganin shi ne mai ba da labarin.

Yanzu ga maganar da ka gaya mini, cewa ciwo kan ƙaru kafin ya tafi. Lallai tana cikin littafin, har na ja mata layi da hannuna. Ka ji inda ta kai ni.

Wata shekara aka kira ni wani bene a Aziziyya wurin wani Alhaji Idi, ɗan kasuwar fata daga Maraɗi, mutum mai fara'a. Yana da ciwon sukari, ya baro ƙwayoyinsa na asibiti a gida, wai wanda zai je Ɗakin Allah me zai yi da su. Takalmin harami ya ji masa ciwo a babban yatsa. Na zauna na buɗe littafi ina yi masa tambayoyi yadda aka koya mana: gishiri ka fi so ko zaƙi, da wane gefe kake kwanciya, kana tsoron zama kai kaɗai? Ya yi dariya ya ce, "Malam, magani za ka ba ni ko 'yarka za ka aura mini?" Na ba shi ƙwayoyi, na ce kada ya haɗa da na asibiti, za su ɓata aikin.

Aka fita Mina, aka yi Arfa, aka yi jifa. Da aka dawo masauki aka sake kirana. Ƙafar ta kumbura, yatsan ya yi baƙi, abokan ɗakinsa duk sun janye katifunsu zuwa bakin taga. Na duba, na ga abin ya yi muni, amma na tuna layin nan da na ja, na ce, "Alhamdu lillahi, magani ya kama. Ciwon ne yake fitowa."

Matarsa Hajiya Gambo tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, don girman Allah rufe littafin nan ka buɗe hancinka."

Alhaji Idi ya daka mata tsawa: "Ke! Malam kike gaya wa haka? A Makka?"

Ta ce, "Ko a cikin Harami ne sai na faɗa. Ƙafar nan ruɓewa take."

Na tashi na fita raina a ɓace, ina ganin an yi mini rashin ladabi. Ina juya baya ta sa mazan ɗakin suka ɗauke shi, yana faɗa yana turjewa, suka kai shi mustashfa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ka san abin da na gaya wa kaina da labari ya iso ni? Na ce sun katse mini magani yana tsakiyar aiki. Kalmominka ke nan, ɗana, harafi da harafi. Dubi sharrin wannan ƙa'ida: idan majinyaci ya samu sauƙi, magani ya yi aiki, idan ya ƙara jin jiki, magani ya yi aiki, idan aka ƙwace shi daga hannunka, laifin masu ƙwacewa ne. Babu wata ƙofa da aka bari wadda gaskiya za ta shigo ta ce maka ka yi kuskure.

Bayan wasu shekaru Alhaji Idi ya zo Umra, babban ɗansa yana tura shi a keke. Ya yi ta cigiya har ya gano gidanmu. Da na ga ƙafar wandonsa a naɗe, na shirya jin duk abin da zai faɗa. Sai ya kama hannuna ya sumbata, ya ce, "Malam, Allah ya saka. Da maganinka bai tattara ciwon nan ya kai shi ƙafa ba, da zuciya zai hau, da tuni an manta da ni." Na ce, "Alhaji, ni na jawo maka wannan. Da ka je asibiti tun ranar farko, da wataƙila da ƙafarka ka zo. Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Malam, tawali'unka ya yi yawa. Ni dai ka ƙara mini ƙwayoyin, ƙanena ma sukarin ya kama shi." Na yi rantsuwa, na yi bayani, bai yarda ba. Ya tafi yana sa mini albarka. Ranar na gane cewa godiyar majinyaci ba shaida ba ce, tunda ga wanda na cutar yana gode mini. Ranar na rufe akwatin.

Na rufe shi, amma ban zubar ba, saboda ƙaunar Hakimu da kuma son kaina. Ban tara ku na gaya muku dalili ba. Baƙi suna yabona a gabanku ina sunkuyar da kai, kuna ɗauka kunya ce. Don haka rabin abin da ya sami Safiyya a wuyana yake. Idan ka bar wani abu don ka gano ɓarnarsa, ka faɗa wa iyalinka da babbar murya, kada ka bar su su gada.

Na san tsoro ne ya kai ka, ba ƙeta ba. Na san zafin da uba ke ji yana soka wa ƙaramar 'yarsa allura kullum, tana kallonsa. Kuma maganar wuta gaskiya ce. Amma a Kano akwai yara masu irin ciwonta, suna raye, suna zuwa makaranta, da likitocin da suka san yadda ake adana allurar a garin da wuta ke ɗaukewa. Ka koma wurin likitanta kafin ku tashi, ya rubuta maka bayaninta, ya gaya maka yadda za ka riƙe allurar a hanya. Ka sa ta a jakar hannunka, kada ta shiga cikin manyan kaya. Idan kun sauka, ka kai yarinyar asibiti a buɗe mata kati kafin ka fara zagayen gaida kawunnanka. Wanda ya yi fushi ka ce ni na sa ka. Neman maganin da aka jarraba aka tabbatar ba ya rage tawakkali, addininmu ne ya umarce mu da shi.

Ka kuma sani, can ɗan Makka za a kira ka, ɗan Malam. Kome ka miƙa wa mutane da hannu biyu za su karɓa. Idan akwatin nan ya sauka tare da kai, kafin ka gama kwance kaya mata sun cika ƙofar gidan da 'ya'yansu masu farfaɗiya da sikila, kuma kowace za ta ajiye maganin asibiti saboda naka daga Makka ya zo. Ba za ka iya korarsu ba. Ni ban iya ba.

Saboda haka ga hukuncina, kuma na yi istihara kafin in rubuta shi. Ka kawo mini akwatin da littattafan da hannunka kafin ku sauka Jidda ku hau jirgi, ka zauna a gabana da gaban mahaifiyarka ka yi mana alkawari. Na riga na gaya wa Rukayya, kuma ina gaya maka don kada ka ji a wani wuri: idan ka umarce ta da rage allurar, babu biyayya a kanta a wannan, ta ɗauki 'yarta ta tafi asibiti, ta kira ni. Idan zuciyarka ba ta iya yin alkawarin ba, ka bar mana Safiyya da mahaifiyarta har ka natsu. Ɗakinka na nan. Tun da aka haife ka ban taɓa ɗaga maka wannan kalma ba, amma yau ga ta: idan ka rage wa yarinyar nan allura, ka ba ta ƙwayoyin nan da sunana, ban yafe ba.

Idan kuwa ka shigo da akwatin, ba sai ka ce komai kan abin da ya wuce ba. Ka ajiye shi, ka zauna mu ci abinci, in raka ku Harami ku yi ɗawafin bankwana, in sa muku albarka da bakina.

Allah ya tsare gabanku da bayanku, damanku da hagunku. Ya sauƙaƙa muku hanya, ya haɗa ku da mutanen kirki a inda za ku. Ya ba Safiyya lafiya da tsawon rai, ya sanyaya zuciyar Rukayya, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta. Ya gafarta mini abin da na sani da wanda ya hau jirgi ya tafi ban sani ba. Na ba Allah ajiyarku, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
daga Makka.